Taya Kaya Ba Saye Ba Ne

Yau maganarmu a kan kasuwannin nan na intanet ce, inda mata da yawa ke baje atamfa da turaren wuta da kayan ɗaki ba tare da sun fita ƙofar gida ba.

Akwai wani tsari da waɗansu masu irin waɗannan kasuwanni ke bi, watau su caji mai kaya kuɗi a kan kowane mutum da ya nemi lambarta ko ya tambayi farashi, ko ya saya ko bai saya ba. A ganina wannan cinikin biri ne a sama.

Ke kin san dillaliya tun kina yarinya. Takan ɗauki kaya ta shiga gida gida, a taya, a ƙi sallamawa, ta wuce gaba, amma ba ta karɓar la'ada sai ciniki ya faɗa. To me zai sa kasuwar zamani ta ci nata tun ba a sayar ba?

Mu yi lissafi. A ce naira 500 ake karɓa kan kowane mai tambaya, goma suka tambaya, ɗaya ya saya. Kin biya naira 5,000 ke nan a kan ciniki guda. Ina ribar? Ga shi kuma sau da yawa sunan mutum ɗaya ake sayar wa 'yan kasuwa da dama, kowa ya biya, ɗaya ya samu.

Abin ya riga ya kai ga hukuma a Amurka. Kamfanin HomeAdvisor yana sayar wa kafintoci da masu gyaran famfo sunayen masu neman aiki a gidajensu. Hukumar ciniki ta tarayya, watau FTC, ta tuhume shi a 2022 da yaudarar masu sana'a a kan ingancin sunayen, a 2023 kuma ta umarce shi ya biya kuɗin da ya kai dala miliyan 7.2.

Saboda haka kafin ki sa hannu, ki tambaya: mutum nawa ake ba suna ɗaya? Idan lambar ta bogi ce za a mayar mini da kuɗina? Zan iya ƙayyade abin da za a cire a mako? In amsa ba ta gamsar da ke ba, ki nemi kasuwar da ke cire la'adarta bayan an sayar, kamar yadda Jumia ke yi.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.