Kariya Daga Annoba Haƙƙin Mai Cefane Ne a Kasuwannin Bagudo

Matsayin wannan jarida shi ne, kariya daga annoba haƙƙi ne na kowane mai saye, ko da cefanensa bai wuce mudun gero ba. A zamanin korona, bayan wata doka ta Janairun 2021 ta wajabta takunkumi da wankin hannu a wuraren taruwa, manyan kantunan birane, waɗanda ribarsu ke ɗaukar albashin mai gadi da na'urar auna zafin jiki, sun samu ikon cika sharuɗɗan. Amma mai rumfa a Tsamiya ko Lolo ko Illo, inda jama'armu ke cuɗanya da fataken Jamhuriyar Benin, ribarsa ba ta isa ya tanadi ruwa da sabulu domin kowane mai taya ba, alhali kuwa cunkoso ya fi tsanani inda kaya ke da araha.

Saboda haka wajibi ne ƙaramar hukumar Bagudo, tun da ita ke karɓar harajin kasuwa, ta keɓe kaso domin rijiyar burtsatse da sabulu a kowace mashiga, ta damƙa amanarsu ga sarakunan kasuwa, tun kafin amai da gudawa ko wata annobar ta ɓulla.