Kuɗin manhaja ba sadaka ba ne, mu daina biya daga aljihunmu

Maganar yau tamu ce, mu masu zanen fosta da haɗa bidiyo da tsara takardu a kwamfuta nan Legas, daga Agege har Idi-Araba, da ba mu da albashi sai abin da hannu ya kawo.

A da mutum kan sayi manhaja sau ɗaya ta zama tasa. A 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop da Premiere, ya koma bayar da sababbin manhajojinsa haya, wasu kamfanoni suka bi sahu. Hayar kuwa da dala ake lissafinta. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mai biyan dala 20 a wata ya tashi daga naira 15,000 zuwa 30,000, kuma ko maɓalli ɗaya ba a ƙara masa ba.

To, nawa muka ƙara a kuɗin fosta? Da yawanmu ko sisi. Tela yana sa kuɗin zare da man janareta a ɗinki, ba wanda ke ce masa ya cika son kuɗi. Mu kuwa da zarar mai aiki ya ce ai danne-danne ne na minti biyar, sai kunya ta kama mu. Abin takaici, namu na gida sun fi kowa yi mana haka: katin ɗaurin aure, fostar walima, sanarwar taro, duk a taimaka, ai ɗanmu ne. Taimako yana da kyau, amma ranar da za a cire kuɗin haya daga katin banki ba a tambayar ɗan wa ne.

Akwai kuma masu karya mana farashi saboda manhajar sata suke aiki da ita, wadda ake loda wa mutum a kasuwa da kuɗin shan ruwa. Mu faɗa wa juna gaskiya, haƙƙin wani ne. Kuma irin waɗannan manhajoji kan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta. Ran da bidiyon bikin mutane ya salwanta, me za ka ce wa dangin amarya?

Namu sakacin ma ba kaɗan ba ne. Mukan shiga gwajin kyauta na kwana bakwai, mu sa lambar kati, mu manta. Mukan zaɓi tsarin shekara da ake biya wata-wata don ya fi araha a ido, ba mu karanta sharaɗi ba. A irin wannan tsari na Adobe, wanda ya fasa bayan kwana 14 zai biya rabin kuɗin watannin da suka rage. Kan wannan ne gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu a 2024. Wasunmu kuma don burga kawai suke riƙe manhaja biyar, alhali biyu suke buɗewa. DaVinci Resolve yana da na kyauta mai haɗa bidiyo tsaf. Inkscape da GIMP da LibreOffice ba a biyan ko kwabo. Koyonsu da wuya a makon farko, ba mu musa ba.

Don haka a zaman ƙungiya na gaba kowa ya zo da takardarsa: manhajojin da yake biya, nawa, da ranar da ake cire kuɗin. Wadda ba ka taɓa ba wata biyu, a kashe ta a wurin. Abin da ya rage ka raba shi da yawan ayyukan da kake samu a wata, ka ɗora a kan kowane aiki. Mai biyan 30,000 da ke yin aiki 15, naira 2,000 ke nan a kan kowace fosta, ko ta kawu ce.