Lahiya uwar jiki: jakar ruwa a bayan tumbi

Sau da yawa ɗan kasuwa ko ma'aikaci yakan sha fama da matsanancin ciwon ciki, ya samu sauƙi, ya koma bakin aikinsa. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ciwon ya dawo a ƙarƙashin ƙirji yana sukar baya, loma kaɗan ta ƙosar da shi, ga amai, ga rama. Sai a ce gyambon ciki ne, a dinga sayen magani a tebur. Alhali wani lokaci tushen cutar yana wata gaɓa da likitoci ke kira pankireyas.

Wannan gaɓa tana kwance bayan tumbi, tsawonta kamar santimeta 15. Ita ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini, da ruwa mai ƙarfi mai narkar da abinci. Idan ta kumbura, galibi saboda tsakuwar matsarmama ko shan giya, ko kuma ta bugu a haɗarin babur, ruwan nan yakan tsiyaye waje. Cikin sati 4 ko fiye, jiki ya gina masa katanga ta tabo, ya zama jaka cike da ruwa. Wannan jaka ba ciwon daji ba ce.

Da yawa daga cikinsu sukan bushe da kansu, likita na sa ido kawai. A da, ƙa'idar ita ce a zuƙe duk wadda ta wuce santimeta 6 kuma ta haura sati 6. Yau likitoci sun fi duba irin wahalar da take ba majinyaci. Idan ta danne tumbi ko hanyar matsarmama har idanu suka yi rawaya, akan buɗa mata ƙofa zuwa cikin tumbi, ta bututun da ake zurawa ta baki ko ta hanyar tiyata, ruwan ya bi hanji ya fita.

Haɗarin yana ga jinkiri. Jakar tana iya yin ruwa, ko ta fashe, ko ta cinye jijiya jini ya ɓalle. Zazzaɓi, aman jini, ko jiri tare da ciwo mai tsanani na nufin a nufi asibiti nan take. Ƙaho, tsaga da dannar kumburin ba su kai inda cutar take, sai dai su ƙara ɓarna.

Hoton ciki na ekogarafi, wanda ake yi a Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, yakan nuna jakar cikin ƴan mintoci. Kuɗinsa bai kai na wata uku na maganin tebur da shago a rufe ba. Allah ya ƙara mana lahiya.