Muna Son Inuwa, Ba Ma Son Bishiya

Wanda ya zaga garin Daura da tsakar rana a watan Afrilu zai lura cewa sana'a inuwa take bi. Mai faci, mai rake, bakanike da 'yan acaɓa, kowa ya raɓe a gindin bedi, har akan yi cacar baki a kan wa ya riga zama. Amma mutumin da ya yini a gindin bishiyar wani, ranar da ya sami fili, aikinsa na farko shi ne ya sare wadda ya tarar, ya malale tsakar gida da siminti.

Hujjojin da nake ji ba duka ne na banza ba. Saiwar bedi takan fasa katanga da masai idan an dasa shi dab da gini, ganyensa yana ƙara wa mata shara, mai shago kuma yana ganin rassa sun tare masa masu ciniki. Batun aljanu a kuka da tsamiya kuwa, na bar wa malamai, ko da yake na lura ba ya hana kowa miyar kuka. Abin da ba a sawa a ma'auni shi ne aikin da bishiya take yi. Tana tare rana kafin ta gasa kwalta da rufin kwano, waɗanda ke riƙe zafi su sake shi da dare. Ruwan da take zuƙowa daga ƙasa yana fita ta ganye ya sanyaya iska, kuma tana rage ƙarfin guguwar farkon damina da ƙurar hunturu. Ga garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ado ba ne.

Shuka kam an yi. Tun shirin dashen itatuwa na Katsina da Tarayyar Turai ta tallafa a ƙarshen shekarun 1980, zuwa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da aka kafa a 2015, wadda Katsina ke cikin jihohi 11 da take aiki, an raba dashe ba adadi. Sai dai a cikin gari, da zarar manya sun dasa an watse, wa zai ba shi ruwa a rani? Akuya ce kaɗai ke komawa duba shi.

Amsar tana kusa, a ƙetaren Kongolam. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu, suna sassabe shi har ya zama itace. An ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka. Abin ya kankama ne da manomi ya tabbatar cewa gawon da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Manoman Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa ma sun san darajar gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Bishiyar gona tana da mai ita, ta bakin titi kuwa marainiya ce.

Don haka ina ganin kada a ƙara dasa ko ɗaya a cikin Daura sai an rubuta sunan mai rainonta, shago ne, gida ne, makaranta ko masallaci, inda ruwan alwala kaɗai ya isa ya raya dashe. Masu unguwanni sun san kowace ƙofa, kuma Masarauta tana da bakin da ake ji. Ƙaramar hukuma ta ba da kariya daga dabbobi, ta nuna tazarar da ta dace da katanga, ta yarje wa mai raino ya amfana da sassabe da 'ya'ya. Ƙidayar da za a kai wa gwamnati kuma a yi ta bayan rani na uku, a lissafa waɗanda suka rayu.