Kansas, kwamitin NCAA da awon mudu biyu

Na san akwai masu cewa ga mutumin nan ya dawo da zancen ƙwallon kwandonsa ana tsaka da maganar zaɓe da kotu. Ku yi haƙuri. Sati uku ina haɗiye maganar nan, na ce sai an gama gasar zan yi ta, don kar a ce zafin faɗuwa ne. To an gama.

Daren jiya ban runtsa ba. Wajen ƙarfe 2:20 na dare agogonmu aka fara wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka a birnin Houston, ana tashi sai ga lokacin sahur. UConn, wato jami'ar Connecticut, ta doke San Diego State da ci 76 da 59, ta ɗauki kofinta na biyar. Wanda aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshen Adama Sanogo ne, ɗan Bamako ta ƙasar Mali, wanda tunda watan ya kama yake buga wasanninsa yana riƙe da azuminsa. Wallahi na ji daɗin wannan har raina. Amma ni ɗan Kansas ne, a garin Lawrence na yi karatu, kuma har yanzu da sauran magana tsakanina da kwamitin da ya raba gasar bana.

Ga waɗanda ba su bi, ga yadda abin yake a taƙaice. A 2023 jami'o'i 68 ne suka shiga, sili ɗaya ƙwale, an ci ka ka tattara sai gida. 32 sun shiga ne kai tsaye saboda sun ci kofin rukuninsu, sauran 36 kuma wani kwamiti na mutum 12 ne ya zaɓo su. Kwamitin nan ne kuma ke jera kowa daga na 1 har na 68, ya raba su shiyya huɗu: Gabas, Yamma, Kudu da Tsakiya. A kowace shiyya akwai lamba 1 zuwa 16. Kowace shiyya da garin da za a buga zagayen 'yan 16 da na 'yan 8 nata. Ƙa'idar ita ce, wanda ya fi kowa maki a idon kwamiti shi ke fara samun garin da ya fi masa kusa, sai na biyu, sai na uku. Wato matsayi ɗaya tak da aka ɗaga ka ko aka sauke ka, yana iya zama bambancin buga wasa a ƙofar gidanka da hawa jirgi zuwa wata uwa duniya.

A 2023 garuruwan su ne Louisville, New York, Las Vegas da Kansas City. Daga Lawrence zuwa Kansas City kilomita 65 ne ko kusa da haka, bai ma kai Zariya zuwa Kaduna ba. Ɗalibai kan gama lacca su shiga mota su je kallo, su dawo su kwana a ɗakunansu. Las Vegas kuwa ta haura kilomita 2,000 a mota.

Daren Lahadi 12 ga Maris, ƙarfe 11, ina zaune da waya a hannu aka fara sanarwa. Alabama ta ɗaya, an ba ta Louisville. Ban ja ba. Sai na ji an ce shiyyar Tsakiya, Kansas City, lamba ɗaya: Houston. Mu kuma, masu riƙe da kofin 2022, an jefa mu Yamma. Uwargida ta leƙo ta ce lafiya kake magana kai kaɗai? Na ce mata ina fa lafiya.

Bari in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren tukun, don mutumina ɗan Houston yana nan yana karantawa, kuma na san da yatsansa a kan allo yake jira. Houston ta ci wasa 31, ta faɗi 3 kacal. Ita ce ta ɗaya a NET, ma'aunin kwamfuta da hukumar NCAA ta fito da shi tun kakar 2018/19. Wasan da ta faɗi a hannun Memphis a ranar sanarwar ma, ba tare da babban ɗan wasanta Marcus Sasser ta buga ba, yana jinyar rauni. Mu kuwa 27 da 7 muke, kuma wasu faɗuwar tamu ba kyan gani. TCU ta zo har gida ta yi mana 83 da 60. Texas ta lallasa mu sau biyu cikin kwana takwas, na biyun 76 da 56, a Kansas City ɗin da nake kuka a kai, ana gobe sanarwa. Bayanin da shugaban kwamitin, Chris Reynolds, ya yi a talabijin ma can ya karkata: Houston ba ta cika faɗuwa ba, in ta faɗi ma ba a yi mata kaca-kaca. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba.

Amma da wa kowa ya kara? Kwamitin da kansa ne ya kasa wasanni aji huɗu. Aji na ɗaya shi ne ka kara da ƙungiyar da ke cikin 30 na farko a gidanka, ko cikin 50 na farko a filin da ba na kowa ba, ko cikin 75 na farko a gidanta. Shekara da shekaru suna gaya wa jami'o'i cewa nasara a wannan ajin ita ce kuɗin da ake kashewa a kasuwarsu, ku daina ɓuya, ku fito ku kara da manya. To Kansas ta ci irin waɗannan wasanni 17. Houston ta ci 7. Goma cif a tsakani, malam. Rukuninmu na Big 12 jami'o'i goma ne a lokacin, bakwai sun shiga gasar, kuma mu muka zo na ɗaya a teburinsa. Rukunin Houston biyu ya kawo, ita da Memphis. Duk wasa bakwai da muka faɗi, a hannun waɗanda suka shiga gasar muka faɗi. Houston kuwa Temple ta ci ta a gida 56 da 55, Temple da ko ƙamshin gasar ba ta ji ba. Wanda kullum da zakuna yake kokawa dole a ga tabo a jikinsa. In tabon za a ƙirga a bar zakunan da ya kayar, to me zai sa wani koci ya ƙara yarda ya cika jadawalinsa da manyan wasanni a watan Nuwamba?

Ko da hakan, da kwamitin ya tsaya a kan magana ɗaya, da na yi shiru. Ka ce mini mu kwamfuta muke bi, wanda ta ce ya fi shi ya fi, sai in ce to, ban so ba amma na gane. Abin da ya ƙona mini rai shi ne kwamfutar da aka ɗaga Houston da ita, ita ce ta sa UConn cikin goma na farko a ƙasar baki ɗaya. Sai ga UConn an ba ta lamba 4. Da aka zo kanta an ajiye kwamfuta, an koma ƙirga wasannin da ta zubar a watan Janairu. Wato wajen Houston da Kansas an auna da mudu ɗaya, wajen UConn an ɗauko wani mudun daban. A kasuwar Dawanau in aka kama mutum da mudun saye daban na sayarwa daban, kun san sunan da ake kiran sa.

Kuma ina aka kai UConn ɗin? Yamma, kanmu. Ga UCLA a lamba 2, ga Gonzaga a 3, ga UConn a 4, ga Saint Mary's a 5, ga TCU ɗin da ta ci mu da maki 23 a lamba 6, ga Arkansas a 8 da yaran da kowa ya san NBA za su. An hana mu ƙofar gida, sannan aka zuba mu a shiyyar da ta fi kowace zafi. Tun a daren na rubuta wa abokaina a guruf cewa nisan Las Vegas bai dame ni kamar maƙwabtan da aka ba mu ba.

Yanzu in zo inda ake yi mini dariya. Eh, ko Las Vegas ɗin ba mu kai ba. Mun ci Howard 96 da 68 a Des Moines, sai Arkansas ta fitar da mu 72 da 71 ranar 18 ga Maris. Muna gaba da maki takwas a hutun rabin lokaci, Davonte Davis ya dawo ya zuba mana wuta, ya tashi da maki 25, kocinsu Eric Musselman ya haye tebur ya tuɓe riga yana kaɗawa. Kocinmu Bill Self bai zauna a benci ba, bai gama murmurewa daga aikin da aka yi masa a hanyoyin jinin zuciya ba, mataimakinsa Norm Roberts ne ya ja yaran. Ban ɗora wa kwamiti wannan ba. Des Moines kusa da mu take, magoya bayanmu sun je da yawa, mu muka saki wasan da hannunmu. Kuma in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, da mun wuce Arkansas, UConn za mu tarar, wadda ta yi wa Arkansas ɗin 88 da 65, ta yi wa Gonzaga 82 da 54, kuma a wasanninta shida babu wanda ta ci da ƙasa da maki 13. Ban ga yadda za mu yi da Sanogo a ƙarƙashin kwando ba, mu da dogonmu KJ Adams bai kai shi tsawo ba.

Sai dai masu ce mini ai ga shi nan kwamiti ya yi daidai tunda kun faɗi da wuri, ku ma ku tsaya. In da sakamako ake wanke hukunci, to Houston da aka ba Kansas City me ta yi da ita? Miami ta fitar da ita a can 89 da 75. Alabama ta faɗi a hannun San Diego State. Purdue kuwa abin ba a cewa komai, Fairleigh Dickinson mai lamba 16 ce ta kore ta tun wasan farko, karo na biyu ke nan a tarihin gasar maza da irin haka ta faru. Gasar 2023 ce karon farko da babu lamba ɗaya ko guda da ta kai zagayen 'yan 8. Shin sai mu ce duka huɗun ba su cancanta ba? A'a. Wasan sili ɗaya ƙwale haka yake, minti arba'in ne, ƙwallo ta ƙi shiga sau uku shi ke nan. Hukuncin daren 12 ga Maris da abin da ke kan tebur a daren za a auna shi, kuma abin da ke kan tebur 17 ne da 7.

Ni ma ban ce Kansas City laya ba ce. A 2017 an ba mu ita, ina cikin garin Lawrence a lokacin. Muka yi wa Purdue 98 da 66, gari ya ɗauka an gama, har wasu sun fara neman tikitin wasan kusa da na ƙarshe. Kwana biyu bayan nan Oregon ta ci mu 74 da 60 a gaban jama'armu, titin Massachusetts da ake cika da ihu ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Kofin 2022 kuma ta Chicago muka bi muka ɗauko shi. Saboda haka ba cewa nake an ƙwace mana kofi ba. Ƙofar gida lada ce da ake ba wanda ya fi wahala daga Nuwamba zuwa Maris, kuma bana wanda ya fi wahalar ba shi aka ba ba.

Mutumina ɗan Houston ma yana da nasa kukan, in zai yi adalci. An ba su lamba ɗaya, sannan aka tura su Birmingham su kara da Auburn a cikin jihar Alabama, inda zauren ya cika da magoya bayan Auburn. Da maki goma aka bi su hutun rabin lokaci kafin su farfaɗo su ci 81 da 64. Wane irin gata ne wannan? Abin da nake so kwamitin ya yi ba shi da wuya: kafin a fara kaka, su fito su faɗa a rubuce wanne ke gaba in an samu saɓani, yawan manyan da ka kayar ko lambar da kwamfuta ta ba ka. Su riƙe amsar tun daga na 1 har na 68. In sun yi haka, ko Alaska suka tura mu zan ja bakina.

Daga watan Yulin 2023 dai Houston ta shigo Big 12. Za ta je Ames, za ta je Waco, za ta zo Allen Fieldhouse a tsakiyar sanyi jama'a suna ihu a kanta. Mutumina, Allah ya kai mu Maris mai zuwa, sai mu ƙirga tabon kowa. A sha ruwa lafiya.