Wanda Ya Suma a Fili Kada Ya Koma Wasa

A gasar ƙwallo ta sassa, ɗan wasa na faɗuwa sai a yayyafa masa ruwa, a ce "yunwa ce, tashi!" Ni dai ban yarda ba. Jijiyoyi biyu ke ciyar da zuciya da jini, ta dama da ta hagu. Wani an haife shi ɗayar ta fito ta gurbin da ba nata ba. In gudu ya yi tsanani sai ta matse, jini ya ragu, bugun zuciya ya rikice. Kuma lafiyayye za ka gan shi, wallahi. Zuciya ce ta kayar da Samuel Okwaraji a Legas a 1989. Shugabannin ƙungiya, ku kafa doka: wanda ya suma, sai likita ya duba zuciyarsa kafin ya sake taɓa ƙwallo.