Fasa salula ba tarbiyya ba ce

Jama'ar Tama da kewaye, ƴan Buza, Madawa da Keita, na gida da waɗanda ke wurin cin rani.

Kwana goma ke nan wata murya tana yawo a gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp. Wasunku sun ji ta, wasunku ma ku kuka turo mana ita har sau uku, da rubutun "a yaɗa saboda Allah". Wani bawan Allah ne ya ɗauki salular ƙanwarsa, ƴar kolej, ya tarar tana kallon wani fim na ƙasar Tailan wanda samari biyu ke son juna a ciki. Ya fasa wayar da dutse, ya zane yarinyar, bai tsaya nan ba, ya ɗauki murya yana faɗin sunanta, da na ƙawayenta biyu, da na yaron da ke tura fina-finai a rumfar caji. Yau yarinyar ba ta zuwa lakkol. Yaron ya rufe rumfarsa, ya bi mota ya bar gari. Ba za mu faɗi suna ko unguwa ba, barnar da aka yi ta isa haka.

Tun kafin wani ya yi gaggawar shiga kwamen ya ce mun zo tallar baɗala, bari mu faɗi inda muka tsaya. Mu Musulmi ne, hukuncin addininmu a kan luwaɗi sananne ne, ba mu zo mu sake shi ba, kuma ba mu ce kowane fim ya dace da idon yaro ba. Abin da muke cewa shi ne wannan hayaniya da muka yi ba ta gyara kowa ba. Ta lalata sunan yara huɗu, ta kuma tallata fim ɗin ga ɗaruruwan da ba su taɓa jin labarinsa ba. Ku tambayi masu turi a kasuwa abin da aka fi nema a makon nan.

Mu fara da sanin abin da muke faɗa da shi, don mafi yawan masu kumfar baki ko minti biyar ba su gani ba. Irin waɗannan labarai ana ce musu BL. Asalinsu littattafan zane ne na Japan tun wajen shekarun 1970, kuma abin da zai ba ku mamaki, mata ne suka fi rubuta su, mata ne kuma suka fi karanta su. Daga baya ƴan Tailan suka mai da su sana'a: a ɗauki littafin da ya yi kasuwa a intanet, a mai da shi fim mai dogon zango. Love Sick ya fito a 2014, SOTUS a 2016, sai 2gether a 2020, lokacin kullen korona, wanda kamfanin GMMTV ya sa a YouTube kyauta da fassarar Turanci a ƙasa. Ta wannan ƙofa suka shiga duniya. Ba wanda ya zauna a Bankok ya buɗe taswira yana neman Tama. Kasuwa ce, kuma TikTok da Facebook ba su san gidan liman ba, ba su san gidan maƙeri ba: abin da ka tsaya ka kalla na daƙiƙa goma, gobe za su kawo maka goma irinsa.

A ƙasar Sin kuma labarin ya fi ban sha'awa. A 2016 hukuma ta sauke wani fim mai suna Addicted daga intanet tun bai ƙare ba. Sai masu shirya fim suka canza dabara. The Untamed, mai kashi 50, wanda ya fito a 2019, daga littafin soyayyar maza biyu aka ɗauko shi, amma a fim ɗin aka mai da su aminai, masu takobi da dogon gashi, kowa na shirye ya mutu saboda ɗan uwansa. In wani dattijo a cikinmu ya zauna ya kalle shi, abin da zai ce shi ne, kai, waɗannan yara sun san amana. A 2021 hukumar ta sake matsa wa irin wannan juyi ma. Duk da haka masu karatu ba su daina ba. To, gwamnatin Sin ke nan, mai katangar intanet da duniya ke labari. In ita ba ta kashe abin ba, wane ne yayan yarinya da dutse a hannu?

Mu ma fa wannan ba shi ne karon farko da muka firgita da fim ɗin waje ba. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru masu yawa a zaune a Tawa, ya yi fim tun 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Kusan shekara sittin ke nan da ɗan ƙasarmu ya nuna mana cewa yaro yana kwaikwayon abin da ya gani. Kakanninmu sun tsorata da kaboyi. Iyayenmu sun tsorata da fim ɗin Indiya, aka ce rawa da waƙa za su ƙarar da kunya. Daga baya Kano ta ɗauki Indiyar nan ta sa mata hula da mayafi: Khusufi na Ali Nuhu daga fim ɗin Taal aka juyo shi, kuma mun kalla mun yi tafi. Yau wane gida ne ba a jin muryar fassarar Algaita a cikinsa da dare?

Ku tuna kuma da 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan soyayya na Hausa a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Me ya biyo baya? Marubutan suka koma waya. Littafin da a da uwa za ta iya gani a ƙarƙashin filo, ta ɗauka ta duba, yanzu yana cikin gurup mai makulli, kuma abin da ake rubutawa can ya ninka na takarda tsiraici. An kashe maciji ba a sare kansa ba. A 2016 gwamnatin Najeriya ta so gina ƙauyen fim a Kofa, jihar Kano, aka yi ca a kai har aka fasa. Kowa na da hujjarsa a lokacin, ba mu zo tada tsohon miki ba. Amma wanda ya hana a dafa a gida bai kamata ya yi mamaki ba in ya ga yara a bakin tukunyar maƙwabta.

Yanzu ga tambayar da ba wanda ya yi wa yarinyar nan kafin a ɗaga bulala: me kike gani a ciki? Mu mun tambayi ƙannenmu da ɗiyanmu, a hankali, ba da tsawa ba. Amsar ta ba mu kunya. Ɗaya ta ce, "Yaya, su fa in sun yi laifi suna ba da haƙuri." Wata ta ce tana son yadda ake tambayar mutum ko ya ci abinci, ko me ke damunsa, a zauna a saurare shi har ya gama. Ba wadda ta kawo maganar da mu manya muke ta zato. Abin da suka gani a allon waya shi ne namiji mai taushin magana, kuma sun je har Tailan nemansa saboda a gida ya yi ƙaranci.

Mu dubi kanmu. A Adar, da an gama girbin hatsi, gari ya zama na mata da tsofaffi da yara. Maza sun tafi Abijan, Libiya, Aljeriya, Kamaru, Legas. Ba laifinsu ba ne, ƙasar dutse ce, damina ɗaya ba ta ciyar da gida. Amma uba yakan yi shekara biyu, uku, bai ga ɗiyarsa ba. Abin da yake aikowa ya cike gurbinsa shi ne Android. Mu muka sayi wayar, mu muke tura kuɗin mega, sannan ba mu taɓa zama mun ce "nuna mini abin da kike kallo" ba. A ƙasar da UNICEF ke cewa kusan kashi 76 cikin ɗari na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, yarinya tana da shekaru kaɗan ƙwarai da za ta yi tunanin wane irin miji take so, kuma ba wanda ke wannan hira da ita. Uwa na kunya, uba na nesa, yaya na fada yana shayi. Sai waya ta karɓi aikin.

Kuma don Allah a bar mu mu faɗi wannan. Wasu daga cikin masu rubuta "Innalillahi" da manyan baƙaƙe, in aka ce kowa ya ajiye wayarsa a buɗe a kan tabarmar fada na minti biyar, da gudu za su tashi. Mun san abin da ake turawa ta Xender bayan isha'i. Na namiji sunansa ƙuruciya, na mace sunansa lalacewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai wata hasara kuma da ba a lura da ita ba, wadda ta fi damunmu. Mun tashi mun ga iyayenmu maza suna tafiya kasuwar Buza hannu cikin hannu da amininsu, ba wanda ya taɓa ɗaga ido. Abokai suna cin tuwo a akushi ɗaya, su kwana a shago ɗaya, su tafi cin rani tare, in ɗaya ya rasu a can ɗayan ya riƙe masa iyali. Babban aboki a wurin biki ya fi wani ɗan uwan kusa. Wannan abota tana cikin abubuwan da suka riƙe Adar lokacin yunwa da lokacin tafiya. A makon nan mun ji yara na tsokanar wasu samari biyu da suka goyo juna a babur, suna ce musu "ƴan Tailan". Wani ya ce mana yanzu kunyar dafa kafaɗar abokinsa yake. Fim ɗin bai yi mana wannan ba. Muryar da muka yaɗa ce ta koya wa yaran gari kallon abota da ido mai datti. Yaro mai sanyin hali, ko mai siririyar murya, ko wanda bai iya kokawa ba, yau shi ne abin nuni. Kun san kuma yadda zargi irin wannan yake ƙarewa in ya faɗa hannun taron jama'a.

Malamanmu suna nan, su gyara mana in mun yi kuskure. Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana cin naman ɗan uwa. Suratun Nur ta sa shaidu huɗu a kan zargin zina, ta kuma sa bulala tamanin a kan wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba. Addinin da ya tsananta haka wajen kare mutunci, ta yaya za a ce saboda shi aka ɗauki sunan ɗiyar mutane aka watsa har Tiripoli? Wanda ya danna "tura" yana da kasonsa. Yarinyar nan gobe za a zo neman aurenta, kuma murya ba ta mutuwa a waya.

To me za a yi? Ba mu da maganin da zai aiki dare ɗaya, amma ga abin da ke hannunmu.

Na farko, duk wanda muryar nan ke wayarsa ya goge ta yau, masu kula da gurup su hana sake sa ta. Dattawan unguwa su je gidan, a mai da yarinyar aji, a aika wa yaron ya dawo ya buɗe rumfarsa.

Na biyu, waya ta yaro ba ta kwana a ɗakinsa. Wannan doka ce mai sauƙi, ba ta buƙatar dutse. Uwa ko goggo ta zauna ta kalli abin da ɗiya ke kallo tare da ita, ta ce wannan ya yi, wannan bai dace da mu ba, ga dalili. Uban da ke Abijan, in ya kira, ya ƙara minti biyu a kan "an samu saƙo?"

Na uku, masu turi ƴaƴanmu ne, neman na kansu suke. A zauna da su a yi yarjejeniya a kan abin da ba za a tura wa ƙananan yara ba. Za su ji magana in an yi musu ita da mutunci.

Na huɗu, mu ba yara labarin da ya fi wanda muke hana su. Ƙasar da ta haifi Umaru Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972, ba ta rasa masu basira ba. A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Ina fina-finanmu? Labarina da Daɗin Kowa sun nuna cewa in an yi abu mai kyau da Hausa, yara za su zauna. Labarin matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin Projen Keita, labarin mai albasa da farashi ya karye masa, labarin amaryar da mijinta ya yi shekara huɗu a Libiya, wa zai ba da su in ba mu ba? Salular da ake kallo da ita, da ita ake ɗauka.

Mun san za a zage mu a ƙasan wannan rubutu. Ba komai, shafin na kowa ne. Abu ɗaya muke roƙo: wanda zai yi magana ya yi a kan ra'ayi, duk kwamen da ya ambaci sunan yaro ko yarinya za mu goge shi nan take.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya shirye mu mu ma da muke riƙe da su. Na nesa Allah ya maido ku gida lafiya.